Kular Abincin Makaranta da Ƙibar Wata Ɗaliba 'Yar Shekara 15: Nazarin Lamari

Asalin lamarin

Yarinyar da wannan nazari ya shafa ɗaliba ce a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a cikin birnin Kano, kuma an sakaya sunanta da na makarantar. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta ɗan kasuwa ne, mahaifiyarta tana ɗinki a gida, kakarta ta wajen uba, wadda kowa ke kira Hajiya, tana zaune tare da su kuma tana fama da ciwon sukari.

Har ta gama firamare jikinta daidai yake da na sa'o'inta, domin a ƙafa take zuwa makaranta, kuma a gida take cin abincin rana. Ƙibar ta fara bayyana ne bayan an sa ta a makarantar da ake shiga ƙarfe 7:30 na safe, ba a tashi sai ƙarfe 4 na yamma saboda ƙarin darussa, inda adaidaita sahu ke ɗaukarta daga ƙofar gida ya dire ta a ƙofar makaranta. Yawancin ranaku takan makara ta fita ba ta karya ba, sai a danƙa mata kuɗin tara naira 700. Da ƙarfe 10:30 takan sayi fanke ko cincin da kwalbar lemo, bayan sallar Azahar kuma ta sayi soyayyiyar awara da zoɓo mai zaƙi. Idan ta dawo gida da La'asar sakaliya tana jin yunwa ƙwarai, sai ta cinye kwanon da aka ajiye mata na rana, sannan bayan Isha'i ta ci tuwo tare da kowa. Ba ta kwanciya sai bayan ƙarfe 11 na dare.

A gida babu wanda ya ɗauki abin a matsayin matsala, Hajiya ma cewa take yi jikin hutu ne da ƙoshi. A makaranta kuwa wasu 'yan ajinsu sun laƙaba mata suna lukuta, kuma ta yi shekara guda tana haɗiye wannan ba ta faɗa wa kowa ba.

Satumba 2023: awon farko

Ba ƙiba ce ta kawo su asibiti ba, wuya ne. Bayan wuyanta da hammatarta sun yi baƙi, fatar wurin ta yi kauri da laushi kamar karan-miski, mahaifiyarta kuwa ta ɗauka dauɗa ce, har takan zaunar da ita ta dirje wurin da soso da sabulun salo sai ya yi ja, amma da gari ya waye baƙin yana nan. Likita ya bayyana musu cewa wannan alama takan fito ne idan jiki ya fara ƙin jin aikin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa sassan jiki, kuma yawan kitse shi ne babban abin da ke jawo hakan.

Nauyinta a ranar kilo 74 ne, tsawonta santimita 158, zagayen cikinta santimita 91. Idan aka raba nauyi a kilo da tsawo sau tsawo a mita, ma'aunin da ake kira BMI, ta tashi da 29.6. Ga matasa ba a amfani da iyakar manya, ana duba jadawalin girma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 domin 'yan shekara 5 zuwa 19, kuma a wannan jadawali yarinya 'yar shekara 15 da ta haura 28.2 ta shiga ƙibar da ake lissafawa a matsayin lalura. Sukarin jininta kafin karin kumallo da hawan jininta duk sun fito daidai. An tura su sashenmu na kula da abinci, amma ba su zo ba, domin ganin cewa gwaji bai nuna ciwo ba.

Oktoba zuwa Disamba 2023: horon yunwa da shayin rage ƙiba

Daga duk bayanin likita, abin da ya zauna wa yarinyar a rai shi ne ta rage ƙiba, sai ta ɗauki hanyar da ta ga ta fi sauri. Ta daina cin komai a makaranta, tana tara kuɗin tararta, kuma da shi ta sayi wani shayin rage ƙiba da ta ga ana tallarsa a Instagram. Takan sha shi da dare a ɓoye. Irin waɗannan shayi da yawa suna ɗauke da ganyen filasko, wanda aikinsa shi ne sa gudawa, don haka abin da ke fita daga jiki ruwa ne da gishirin jiki, kitsen yana nan inda yake.

A makonni uku na farko ma'aunin wani kantin magani da ke unguwarsu ya nuna kilo 72, abin da ya ƙara mata ƙwarin gwiwa. Amma wunin da take yi da yunwa ya sa abin da take ci da yamma ya ninka, har takan tashi cikin dare ta jiƙa garin kwaki da sukari. Malaman darussan yamma sun fara kukan tana gyangyaɗi a aji. A makon farko na Disamba jiri ya ɗebe ta a filin taron safe, aka kira mahaifiyarta, a nan ne asirin shayin ya tonu. Gwajin jini ya nuna sinadarin hemogulobin ɗinta 10.8, alhali ƙasa da 12 ana lissafa shi a matsayin ƙarancin jini ga mace mai irin shekarunta. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Nijeriya na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. An ɗora ta a kan ƙwayar ƙarin jini ta wata uku. Da aka koma makaranta a Janairu nauyinta kilo 75 ne.

Janairu 2024: kwanon salak

Wannan karon mahaifiyarta ce ta karɓi ragamar. Ta duba bidiyoyi a waya, ta ga abin da ake shirya wa yara a ƙasashen waje, ta shiga haɗa mata latas da kokwamba da tuffa da yankan burodi biyu a cikin roba. Ba a yi kwana goma ba tsarin ya rushe. Latas ɗin yakan yi yaushi kafin tara, tuffa ta yi tsada, kuma babu abin da ke riƙe ciki a robar, don haka kafin Azahar yunwa ta dawo. Ƙawayenta kuma sun mai da robar abin tsokana, suna tambayarta ko ta koma akuya, har ta koma cin abincinta a bayan ajujuwa inda babu mai ganinta. Daga baya ta amsa cewa a kwanaki uku na ƙarshe zubar da shi ta yi, ta ranci kuɗi ta sayi fanke.

Fabrairu 2024: lissafin kwana uku da sabon tsari

A farkon Fabrairu suka iso sashenmu. Kafin a ba da kowace shawara an roƙe ta ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta cikin kwana uku, biyu na makaranta ɗaya na hutu, tare da alkawarin ba za a yi mata faɗa a kan komai ba. Takardar ta nuna cewa abin sha ne ya fi ɗaukar kaso mai tsoka. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, kuma wannan shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce a yini guda, tare da cewa rabin hakan ya fi. Kwalba ɗaya kullum a ranakun makaranta ta kai sukari giram 250 a mako, fiye da kilo 3 a zango mai mako 13, ba a ma lissafa zoɓo da shayin safe ba. Na biyu shi ne mai. Cokalin miya ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a gidan kuwa daga galan ake tsiyaya shi kan ɗan wake har sai ya yi iyo.

Ba a yanka mata wani nauyi da za ta kai ba, domin yarinya ce mai girma, kuma an gaya wa mahaifiyarta cewa a auna ta sau ɗaya kawai a wata. Abin da aka tsara shi ne ta karya kafin ta fita, ko da koko da ƙwai ɗaya ne, sannan ta tafi da abinci kashi biyu: mai nauyi domin tara, marar nauyi domin Azahar, da gorar ruwa ta lita ɗaya. An gina mai nauyin a kan abin da gidan ya saba dafawa. A kowane kwano dole a sami abin da ke gina jiki, wake ko ƙwai ko awara ko kifi, a sami ganye ko kayan lambu da suka kai kusan rabin kwanon, sannan hatsi ko dankali gwargwadon dunƙulen hannunta, mai kuwa cokali ɗaya a auna.

A aikace wannan ya zama wake da shinkafa inda wake ya ninka shinkafa, da yankakken kabeji da tumatir a gefe. Dambun tsakin masara da aka cika wa zogale. Ɗan wake da dafaffen ƙwai. Dafaffen dankalin Hausa da garin ƙuli. Ranar Juma'a kuma, da ake tashi da wuri, alale guda biyu. Dalilin fifita wake shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, kuma yana narkewa a hankali, don haka yana daɗewa a ciki. Na Azahar kuwa gyaɗa ce cikin tafin hannu ɗaya da ɗan itacen da ake yayi, gwaiba ko lemon zaƙi ko yalo ko karas, ba a yanka ba. An kuma ce ta nisanta shan shayi da lokacin cin abinci, domin shayi yana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke zuƙa daga wake da ganye, lemon zaƙi da gwaiba kuma suna ƙara shi.

Mako na farko ya zo da cikas da ba mu hango ba. An zuba mata alale a robar da aka saba, ita kuma ta ajiye shi sai Azahar domin a lokacin ta fi jin yunwa. Da ta buɗe murfin ƙarfe 1:30 sai tsami ya buge ta, saman alalen ya yi yauƙi, gumi ya taru a cikin murfin. Ta ci rabi, ta kwana tana murɗar ciki. Ƙa'idar tsaftar abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, wannan kuwa ya yi awa bakwai a cikin jaka. Aka sayi ƙaramar kula mai riƙe zafi. Kowace safiya mahaifiyarta takan cika ta da tafasasshen ruwa ta rufe na 'yan mintuna, ta juye, sannan ta zuba abincin da zafinsa tana sauke shi daga wuta, kayan lambu kuma a wani ɗan kwano daban. Aka kafa doka cewa duk abin da ke da laima a cinye shi da tara. Ranar 10 ga Maris nauyinta ya sauka zuwa kilo 73.5.

Maris zuwa Afrilu 2024: azumi

An ɗauki azumin Ramadan ranar 11 ga Maris, kula ta huta. Iyalin sun sa ran azumi zai ƙarasa aikin, amma buɗa-bakin gidan ƙosai ne da soyayyen dankali da kunu mai sukari da lemon kwalba. An ba da shawarar dabino uku da ruwa, kunu da rabin sukarin da aka saba, da soyayyen abu iri ɗaya kawai, amma ba a bi ba sai jefi-jefi. Bayan Ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, nauyinta kilo 74 ne.

Afrilu zuwa Yuli 2024: zango na uku

A wannan zango ne tsarin ya zauna, kuma a nan ne matsalolin da ba na girki ba suka fito fili. Ta farko ita ce cin tarayya. Ɗalibai ba sa cin abinci kowa shi kaɗai, a da'ira suke zama, hannu ya shiga kwanon kowa, don haka rabin dambunta yakan tafi bakin ƙawaye, ita kuma a miƙo mata fanke, kuma ƙin karɓa rashin kunya ne. Ba a hana ta zama da su ba. Mahaifiyarta ta ƙara yawan gyaɗa da gwaiba domin rabo, ita kuma ta koyi cin nata kason daga kula kafin ta tura ta tsakiya. Kafin zangon ya ƙare biyu daga cikin ƙawayen sun fara zuwa da nasu abincin daga gida, tsokanar ta mutu da kanta.

Ta biyu ita ce Hajiya, wadda ta ga jikarta tana ramewa ta ce ana horar mata da yarinya da yunwa, takan kira ta ɗaki ta ba ta alkaki da nakiya da kitsen nama. Mahaifiyar ba za ta iya musu da surukarta ba. Aka bari sai ranar da Hajiya ta zo ganin likitanta na ciwon sukari, aka nemi alfarmar ta biyo ta sashenmu, aka nuna mata wuyan jikarta, aka bayyana mata cewa wannan ita ce hanyar da ke kai mutum ga allurar da take yi kullum. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambayi abin da ya kamata yarinyar ta ci. Daga makon nan ita ta karɓi gyaran zogale da rama, tana zaune a tabarma da faranti tana tsinke ganye da yamma, kuma kwaɗonta ne ya zama abincin da jikar ta fi so a kula.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Zafin Afrilu da Mayu a Kano yakan kai digiri 40, don haka ana sa gorar ruwa a firji ta daskare idan an sami wuta. Zoɓo marar sukari ta ƙi shi ƙememe, sai aka raba sukarin biyu aka ƙara citta da kanumfari. Da mangwaro ya shigo tana shan biyar ko shida a zama ɗaya, aka tsayar da shi a kan biyu. Farashin wake ya yi tashin gwauron zabi a wannan shekara, aka koma yin awara a gida da waken suya, ana gasa ta a kasko da ɗan mai maimakon a tsoma ta cikin tafasasshen mai. Kuɗin tara ya koma naira 300 ranar Juma'a kawai, ta sayi abin da ranta ke so babu tambaya. Ita da yayanta suka fara sauka daga adaidaita sahu a bakin titi idan za su koma gida, suna ƙarasa tafiyar minti 20 a ƙafa, wayarta kuma tana kwana a ɗakin Ummanta daga ƙarfe 10. A ƙarshen Yuli nauyinta kilo 70.5 ne.

Agusta zuwa Disamba 2024

Dogon hutu ya mayar mata da kilo ɗaya, domin babu kula, babu tafiyar ƙafa, ga bukukuwa. Da aka koma a Satumba tsarin ya ci gaba ba tare da an sake zama a kansa ba, kuma yanzu ita ce ke tsince wakenta da dare ta jiƙa. A awon tsakiyar Disamba nauyinta kilo 68 ne, tsawonta santimita 160, zagayen ciki santimita 83, BMI 26.6. Ga 'yar shekara 16 iyakar ƙiba mai lalura 28.9 ce, iyakar nauyin da ya wuce kima kuma 24.1, wato ta fita daga rukunin farko tana cikin na biyu. Hemogulobin ya hau zuwa 12.4. Baƙin wuyan ya dusashe amma bai ɓace ba. Malamanta sun daina kukan gyangyaɗi.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Kilo 7 cikin wata 10 ƙasa da kilo ɗaya ne a wata, kuma na san yarinyar ta so fiye da haka. A ganina wannan saurin shi ne daidai ga jikin da bai gama girma ba, kuma shaidar ita ce ta ƙara tsawo, jininta ya cika, karatunta bai taɓu ba. Yunwa da shayin filasko sun gaza ne domin sun bar ta da awa tara babu abinci, jiki kuwa yakan biya kansa wannan bashi da yamma har da ƙari. Kwanon salak ya gaza domin ba ya ƙosarwa, ba ya jure zafi, kuma yana ware ta daga ƙawayenta, abin da ya fi yi wa budurwa ciwo fiye da yunwa.

Kular ta yi nasara ne saboda ta cike wannan giɓi na tsakar rana da abincin da ke riƙe ciki, sai kwanon La'asar ya ragu da kansa ba tare da an hana ta ba. Ina ganin barin lemon kwalba da auna mai su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin da ya sauka, amma da ba a ƙosar da ita da wake da ƙwai ba, da ba ta iya barin su ba. Kuɗin tarar Juma'a kuwa ya taimaka wajen hana cin ɓoye, wanda shi ne ya ɓata yunƙuri biyu na farko.

Akwai kurakurai biyu daga ɓangarenmu. Mun tsara abinci ba mu tambayi inda zai zauna da awa nawa zai yi ba, har yarinya ta ci abin da ya lalace. Mun kuma tattauna da uwa da 'ya, muka bar tsohuwar da maganarta ce ke ci a gidan, aka yi asarar kusan wata uku kafin a gyara. Tun daga wannan lamari nake tambayar kowane iyali wane ne ke girki, wane ne ke ba da kuɗin tara, kuma wane ne ba a iya ce wa a'a.

Motsa jiki har yanzu bai kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 a kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17, ita kuwa tafiyar minti 20 take samu, makarantar ba ta da filin wasan 'yan mata, unguwar kuma babu inda budurwa za ta motsa jiki a sake. Azumi da dogon hutu su ne lokuta biyu da nauyin ya koma sama, kuma dukansu lokuta ne da kula ba ta aiki, tukunyar gida ce ke ciyar da ita. An sa musu ranar dawowa mako biyu kafin azumin 2025, kuma an roƙi mahaifin, wanda shi ke sayo lemon buɗa-baki, ya zo tare da su.